Inda Hannu Zai Taɓa, Nan Kuɗina Suka Tafi

Duk wanda ya ji ina haɗa akwatin gem irin na tsaye, tambayarsa ɗaya ce: "Wace kwamfuta za ka sa a ciki?" Wallahi wannan ce mafi sauƙi. Wasannin da nake so, irin su Pac-Man na 1980 da Street Fighter II na 1991, ko tsohuwar kwamfutar tebur za ta ɗauke su da manhajar MAME, balle Raspberry Pi mai RetroPie. Sanda da maɓallai su suka hana ni barci, domin kuɗin ɗalibi ƙidayayyu ne, kuma nan hannu zai wuni yana duka.

Sandar iri biyu ce. Akwai ta Japan, kamar Sanwa JLF, mai kan ƙwallo, mai laushi, da yatsu ake juya ta. Akwai ta Amurka irin ta Happ, mai dogon kai kamar kulki, sifirinta da tauri. Na ɗauki Sanwa saboda wani faranti da ke ƙarƙashinta: in ka juya tsakiyarsa, sandar sai ta koma ɓangare huɗu maimakon takwas. Kada ka raina wannan. Pac-Man sama, ƙasa, hagu da dama kawai ya sani. Ba shi sanda mai takwas, hannunka ya ɗan karkace, sai ya wuce kwana, fatalwa ta cinye ka, ka yi ta zargin kanka a banza. Street Fighter kuwa ba ya yiwuwa sai da takwas ɗin.

Maɓallai shida na ware wa kowane ɗan wasa, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. To, ka yanke shawara kafin kafinta ya ɗauki abin huji. Na Japan ramin milimita 30 suke so, kuma don siririn faranti aka yi su, sai an rage kaurin katako ta ƙasa. Na Amurka milimita 28 ne, suna da dogon wuya da noti, suna zama daram a katako mai kauri. Rami in ya yi faɗi, ba ya komawa.

Sauran kayan na yi musu rowa da gangan. Ƙaramin allon da ke kai saƙon maɓalli ga kwamfuta ta USB, mai araha na saya, Zero Delay, ɗaya ga kowane ɗan wasa. Monita kuwa tsohuwa ce mai 4:3, wadda kowa ya guje wa, alhali a wannan siffar aka zana yawancin wasannin. Wuta ce kaɗai ban yi wasa da ita ba: Raspberry Pi 4 na son bolt 5, amfiya 3, kuma in aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, memori na iya lalacewa. Don haka na ajiye kwafinsa daban.

Wani abokina ya ce, "Kai, duk wannan wahala, ga gem a waya?" Na ce masa waya ta mutum ɗaya ce. Wannan akwati mutum biyu ne za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda aka doke ba shi da bakin cewa sanda ce ta cuce shi.