Ranar Da A-Kori-Kurar Yayana Ta Tsaya Mini A Hawan Kibo

Jama'a, masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na daɗe ina jin wannan karin magana, amma ban san nauyinta ba sai a hutun hunturun da ya wuce, lokacin da na ari motar yayana don in ɗauko doya daga Lafiya in kai gida Jos. Bari in ba ku labarin, ko wani ya tsira daga irin wautar da na yi.

Motar nan a-kori-kura ce mai shan gas, tsohuwa, irin waɗanda a ke shigowa da su bayan sun gama aiki a ƙasashen sanyi. Giyarta otomatik ce, watau ita ke canja wa kanta giya. Da ita yayana ke ci da iyalinsa, ba shi da wata. Da zai miƙo mini mabuɗi sai ya ce, "Ga amana nan." Na ce, "Yaya, kada ka ji kome."

Da asuba na tayar da ita, sai na ji tana ruri kamar an taka totur, alhali ƙafata ba ta kusa da shi. Allurar da ke nuna juyin inji ta tsaya wajen 1,200, ga shi kuwa silon irin wannan mota bai kamata ya wuce 700 ko 800 a minti ba. Na ce sanyi ne. A nan ban yi kuskure ba, domin injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska ya ke matsewa har ta yi zafin da za ta kunna man da kanta, dabarar da wani Bajamushe, Rudolf Diesel, ya tabbatar da ita a 1897. Saboda haka injin nan ba ya shiri da sanyi, har masu ƙera shi suka shirya shi ya riƙa ɗaga silo da kansa in ya kwana cikin ɗari, in ya ɗumama ya sauko.

To, amma tawa ba ta sauko ba. Rana ta fito, aka gama lodi, tana nan tana ruri. In na sa giya sai in ji ƙwas! ta zabura, sai na danne birki da ƙarfi. Da na ja baya kuma na ga ɗigon wani jan mai, uku ko huɗu, a inda ta kwana. Na tsaya wurin wani yaro makanike a bakin hanya. Ya buɗe bonet, ya nemi kusar da a ke juyawa a rage silo, bai samu ba, don wannan kwamfuta ke sarrafa mata mai. Sai ya ce, "Malam, ai ƙarfi ne ya yi mata yawa, ka tafi abinka." Da ya ke abin da na ke so in ji ke nan, na ba shi na goro na kama hanya.

Na wuce Akwanga lafiya. Amma duk wanda ya san hanyar Jos ya san Hawan Kibo, inda mota ke hawa dutse tana lanƙwasa har ta kai tudun da ya kai kamar mita 1,200 bisa teku. Wata babbar mota ta tare hanya, muka yi ta jan jiki, ina tsaye bisa birki, giya na ciki, inji na ruri. Da hanya ta buɗe na taka totur, sai inji ya ɗau kuka, mota kuwa ta ƙi gaba. Wani ƙauri ya cika mini hanci. Na lallaba na gangara gefe, na kashe, na sa duwatsu bayan taya. Da na leƙa ƙarƙashi, sai ga jan mai yana zuba kamar an yanka rago. Cikina ya ɗuri ruwa. Ba doyar na tuna ba, fuskar yayana na tuna.

Wani ɗan acaba ya ɗauko mini wani dattijon makanike daga ƙauyen da ke gaba. Bai taɓa sifana ba sai da ya zauna ya tambaye ni yadda abin ya fara, tun daga asuba. Da na ambaci ɗigon nan sai ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ai tun can ta gaya maka, kai ne ba ka saurara ba."

Ya shimfiɗa buhu, ya ce in kwanta kusa da shi in gani da idona. Ya nuna mini bututu biyu na ƙarfe da suka fito daga giyabos suka nufi lagireto. Ya ce man giya ba santsi kaɗai ya ke bayarwa ba, shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, saboda haka ya kan yi zafi ƙwarai. Bututu ɗaya ke kai shi gaba ya sha iska, ɗaya ya komo da shi. Kusa da lagireto an haɗa kowane da guntun tiyo na roba don jijjiga, to, a wannan mahaɗi ne robar ta tsufa, ta bushe, ta tsage. Ya ce tsayuwar da na yi bisa birki da silo a sama, kamar mutum ne ya yi ta burga kindirmo ba hutawa: man na ta juyawa, zafi na ƙaruwa, ga kaya, ga hawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ce, "Baba, mu yanki tiyon ruwa mu ɗaure, in dai mu kai Jos." Ya ce faufau. Man giya mai zafi ya kan cinye robar da ba tasa ba, sai a sake zama a hanya. Ya aika aka sayo tiyon da aka yi don wannan aiki, ya ɗaure kowane baki da kilif biyu. Ya buɗe lagireto bayan ya huce, ya duba ruwan. Ya ce in mazubin man da ke cikin lagireto ya fashe, ruwa da mai su kan gauraya su zama kamar madara mai ja-ja, wannan kuwa shi ke kashe giyabos. Namu ruwa garau ya ke. Sa'an nan ya zuba sabon mai kaɗan kaɗan, yana aunawa inji na aiki, don haka a ke auna man giyar irin wannan mota.

Na ɗauka an gama, ya ce saura uwar cutar. Ya fara da abu mai sauƙi: ya duba ko tabarmar ƙafa ta danne totur, ya kashe iyakwandishan, don shi ma ya kan ɗaga silo kaɗan. Sa'an nan ya bi waya har zuwa wata 'yar na'ura da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwan inji. Bakin wayar ya yi tsatsa har ya zama kore. Ashe tun safe kwamfutar nan tana zaton motar na cikin ƙanƙara, tana ta ƙara mata mai don ta ɗumama! Ya kankare, ya mayar. Ya kuma gano an cire tamostat, 'yar ƙofar nan da ke tsare ruwa sai inji ya yi ɗumi. Ya ce makanikanmu da yawa su kan zare ta wai ƙasarmu zafi gare ta, alhali rashinta ke sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, balle da hunturu. Ya ce in gaya wa Yaya ya sa sabuwa. Da aka tayar, allura ta sauko ta zauna wajen 750, inji na magana a hankali kamar mai ladabi.

Kafin mu rabu ya yi mini gargaɗi guda. Ya ce in na taɓa jin injin gas yana ta ƙara gudu da kansa, hayaƙi na tuƙuƙi, an zare mabuɗi bai mutu ba, to, baƙin mai ne ya ɓalle ta tarbo ya ke sha. Maganinsa a toshe masa hanyar iska da katako ko wani abu mai ƙarfi, ba da tafin hannu ba.

Na isa Jos bayan isha'i, na gaya wa Yaya kome, ban rage ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce da na ƙara mil biyu a hawan nan ba mai, da giyabos ɗin ya ƙone, da kuɗin makarantar 'ya'yansa ke nan ya tafi.

'Yan'uwa, da yawanmu za a tura mu ƙauyukan da makanike ke nesa, wani kuma za a damƙa masa motar makaranta. In ka tayar da mota da safe, ka ba ta minti kaɗan, ka saurari muryarta, ka kuma durƙusa ka dubi inda ta kwana. In ta yi ruri ba dalili, kada ka nemi mai sa ta yi shiru, ka nemi mai tambayar abin da ya sa. Allah ya kiyaye hanya.