Ranar da na kira sunan ɗana na fari

Aikin maigidana ne ya kai mu Oaxaca, ƙasar Meksiko, muka sauka gidan wata dattijuwa. Ran 1 ga Nuwamba, ranar da suke tunawa da yaran da suka rasu, ta jera furanni ruwan goro, kyandir, burodi da hoton 'yarta a tebur. Na ja baya, don ba al'adarmu ba ce. Ta bakin jikarta ta tambaye ni ko na taɓa rashin ɗa.

Ɗan fari ne. Yana raye kunya ta hana ni kiran sunansa, da ya rasu kowa sai "ki yi haƙuri". Daren nan na faɗi sunan, ta maimaita, muka yi kuka tare. Na shiga ɗaki na yi masa addu'a irin tamu.

'Yan uwa, in kun je ta'aziyya, ku bar uwa ta yi zancen ɗanta.