Ɗan Ƙauye da Mawaƙansa

Kalmar "baƙauye" a bakin mutanen birnin Kano ba ta tsaya ga faɗin inda aka haifi mutum ba. Hukunci ce a kan tafiyarsa da lafazinsa da yadda ya kafa hularsa. Duk wanda ya taso a Bagwai ko Shanono ko Tsanyawa, ya shigo birni neman ilimi ko abinci, ya san nauyinta, ko da ba a taɓa jifansa da ita ido da ido ba. Wasu sukan sauke wannan nauyi ta hanyar sauya harshe da rage zuwa gida. Ni kuwa mawaƙa ne suka sauke mini shi, mutanen da ban taɓa haɗuwa da ko ɗayansu ba. Ina so in bayyana yadda hakan ke faruwa, domin na lura ba ni kaɗai ba ne.

Bagwai ƙasar noma ce, gona na jingine da gona, daga Gadanya zuwa Kiyawa, daga Romo zuwa Rimin Dako. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake. Da rani kuma, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Watari a 1980, ga shinkafa da tumatir da albasa, ga masunta a kan ruwa. Amma wannan duka ba ya zama labari. Aikin jarida ya nuna mini cewa ƙofofi biyu ƙauye ke da su na shiga labarai: siyasa ko musiba. Ranar da sunan Bagwai ya fi zagaya duniya a zamaninmu ita ce ƙarshen Nuwamba 2021, lokacin da jirgin ruwan da ya taso daga Badau ya kife a Watari, rayuka da dama suka salwanta, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu. Yaron da ya tashi yana jin sunan garinsu a irin wannan rana kaɗai, a hankali yakan ɗauka cewa rayuwar da ta isa a faɗa a wani wuri ake yin ta.

Sai dai rediyon da ke kawo labaran, shi ne kuma ke kawo waƙa, kuma waƙar ta san mu. Kawuna ya shafe shekaru yana karen mota a hanyar Bichi zuwa Kano, sana'ar da ba a cika ɗaga murya wajen faɗinta a gidan surukai ba. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya tashi maraya kamar yadda sunansa ya nuna, ya ɗauki kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa sukutum. Ya zana wahalarsa da halayensa, har da waɗanda ba na yabo ba. Duk lokacin da aka sa ta, kawu yakan yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Wannan mutumin kamar tare muka yi lodi." Ɗanmaraya ya rasu a 2015 bai san da kawuna a duniya ba, amma ya ba shi abin da kuɗin lodi bai ba shi ba: shaidar cewa wani ya dube shi da kyau.

Haka abin yake a cikin gida. Inna tana matse man gyaɗa tana toya ƙuliƙuli, da ribar ne aka saya mini littattafan rubutu da yawa. Mawaƙiyarta ita ce Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kayan kiɗanta ƙwarya ce, irin wadda ke kife a kowane tsakar gida, kuma ta sha kiran mata su kama sana'a su daina zaman jiran hannun wani. Idan muryarta ta fito, inna da maƙwabtanta sukan amsa kamar da su ake hira. Na fahimci daga baya cewa da su ɗin ake yi.

A nan sirrin yake. Ba sai mawaƙi ya ambaci sunan garinka ba kafin ka ji kai ɗan gida ne a waƙarsa. Abin da ake bukata shi ne ya ɗauki aikin hannun iyayenka da irin maganar da ake yi a gidanku a matsayin abin da ya cancanci fasaha. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da waƙoƙin noma ya fara kafin ya zama makaɗin fada, kuma ƙamshin ƙasa bai bar bakinsa ba ko yana gaban sarki. Mamman Shata ɗan Musawa ne, garin manoma irin namu. Da kalangu da Hausar karkara ya zagaya ƙasashe, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Da na san wannan, sai na daina jin cewa Hausar kakata aba ce da ake cirewa a bakin ƙofar aji kamar takalmi.

Waƙa kuma tana haɗa mutum da dangin da bai san yana da su ba. Lokacin da nake jami'a, wayoyi masu ɗaukar waƙa suka fara yawa a hannun ɗalibai, ana tura wa juna. Abokina na farko a can ɗan Maraɗi ne. Ya yi boko da Faransanci, ni da Turanci, iyakar ƙasa ta raba mu, amma ya ji Ɗanƙwairo na tashi daga wayata, ya tsaya ya ƙarasa baitin. Mahaifinsa manomin gero ne kamar nawa. Abin da ya faru tsakaninmu yana faruwa a zangon Kumasi da na Akara, da unguwannin Hausawa na Sudan da Saudiyya, inda jikokin fatake da mahajjata ke jin Shata su tuna daga ina kakanninsu suka taso.

Ba kowace fasaha da ta nuna ɗan ƙauye ce ke karrama shi ba, wannan ma gaskiya ne. Finafinan Hausa sun daɗe suna mai da baƙauye abin dariya. Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, wanda ya rasu a Disamba 2014, a wannan riga ya yi suna. Amma a ɗakin kallo na Bagwai mun fi lura da wani abu: sau da yawa wawan nan shi ke fita da riba, mai babbar riga ya tashi da borin kunya. Wanda ya fito daga cikinku ya san inda zai taɓa a yi dariya tare da ku. A wajen wanda bai san ku ba, ku ne abin dariyar, kuma mai kallo yana gane bambancin.

A ƙasar Mali, Ali Farka Ture ya ci kyautar Grammy, duniya ta buɗe masa ƙofa, amma ya koma Niyafunke a bakin kogin Kwara ya ci gaba da noma. Ya sa wa wani kundin waƙoƙinsa na 1999 sunan garin, ya zama magajin garin a 2004, shekara biyu kafin rasuwarsa. Saboda shi, mutanen da ba su taɓa taka Afirka ba sun san sunan wani ƙaramin garin manoma.

Wannan ne ke tuna mini bashin da ke kanmu. Su Shata an ɗauki muryoyinsu a faifai da kaset, yau ga su a intanet. Amma Bagwai tana da nata masu fasaha da ba a taɓa kai wa makirfo ba: makaɗan gangar noma da ke zuga samari a wurin gayya, waɗanda suka san kirarin kakan kowane manomi, matan da ke waƙa a kan dutsen niƙa da wajen daɓe, 'yan matan da ke gaɗa a dandali da farin wata. Maganin ciyawa da aikin ƙwadago sun rage gayya, injin niƙa ya kashe dutse, siminti ya maye gurbin daɓe, waya ta ɗauke dandali. Ba na kukan sauƙin da aka samu, domin na ga abin da niƙa ke yi wa bayan mace. Amma idan aikin ya tafi, waƙarsa na binsa, kuma waɗannan su ne waƙoƙin da suka ambaci gidajenmu da suna.

Shi ya sa duk sallar da na je gida nakan nemi izinin wani dattijo ko wata gwaggo, in ajiye waya a gabansu, su rera abin da suka tuna. Nakan rubuta sunan mai waƙar, da wanda ya koya masa, da unguwarsu. Aikin ba ya cin kuɗi, yammaci ɗaya ne da ɗan goro. Mai karatu, idan kai ma kana da garin da kake komawa, akwai tsohuwar da ke riƙe da irin wannan a ka, kuma shekarunta sun yi nisa. Ka je mata a wannan sallar.