Fensirin Kawu Ya Riga Kwamfuta

Kawuna mai zana taswirar gini ne a Birnin Gwari. A hutun da ya wuce na zauna wurinsa ina koyon aiki. Abin da ya ja ni shi ne kwamfutarsa mai manhajar AutoCAD, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1982. Da ita mutum kan ja layi miƙaƙƙe ba rula, ya share kuskure ba kilina.

Ran nan sai ga wani dattijo daga wani ƙauye na gefen dajin Kamuku. Rashin tsaro ya kore shi shekaru, bai koma ba sai bayan sulhun ƙarshen 2024, ya tarar gidansa ya zube. Ya sayar da shanunsa biyu don ya sake gini. Kawu ya ce, "To, ɗana, ga aikinka na fari."

Kafin la'asar na gama zanen a kwamfuta: zaure, ɗaki uku, madafa, masai. Na kai wa Kawu ina murna. Ya duba, ya ce, "Ka taka filin?" Na ce a'a. Ya miƙo mini fensir da takarda, ya ce gobe mu yi sammako.

Da muka isa, sai jikina ya yi sanyi. Filin gangare ne. Kawu ya nuna mini zaizayar da ruwan damina ya bari, ga ta nan ta ratsa daidai inda na sa ɗakin uwargida. Masan da na zana kuwa taku shida ne tsakaninsa da tsohuwar rijiya. Na zauna gindin wata ɗorawa na shiga zana abin da idona ya gani: gangaren, rijiyar, itacen, da alƙibla. Sau huɗu ina gogewa.

Dattijon da bai ce uffan ba jiya gaban kwamfuta, yau sai ya karɓi fensirin. Ya ce, "Yaro, ina rumbuna? Ina turken awaki?" Ya yi da'ira biyu da hannunsa. Na ce, "Baba, na manta." Ya yi dariya ya ce wanda bai taɓa noma ba ai dole ya manta da rumbu.

Da dare na shigar da sabon zanen a kwamfuta cikin awa ɗaya, ta fitar da awon kowane bango daidai don magina. Da an bi zanena na farko, da kuɗin shanun nan sun bi ruwan Agusta, ƙazantar masai kuma ta ɓata rijiyar gidan.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu ɗaukar darasin zanen fasaha, kada mu raina fensir. Kwamfuta abin da ka ba ta shi take gyarawa, ba ta san inda ruwa ke bi ba. Iyayenmu kuma, in kun gan mu muna ɓata takarda da zane, ku yi haƙuri, da rarrafe yaro kan tashi. Takardar nan mai datti tana nan cikin akwatina, da rumbu da turken da Baba ya zana.