"Sanyi Na Yak Kama Shi": Tunani a Kan Wata Tafinta da Na Yi

Ina aji uku a sashen nazarin Hausa na koma gida Turba hutu, a tsakiyar hunturu. Duk wanda ya san ƙasar Isa da Sabon Birni ya san yadda hazo ke sauka a kwarin Rima a wannan lokaci, har rana ta koma kamar faifai, kowane gida kuma sai ka ji tari da atishawa. Wata safiya Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta goyo jikanta ɗan wata tara, ta ce in raka ta asibiti. An ce likitan da ke wurin mai yi wa ƙasa hidima ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. "Kai ad da boko," in ji ta, "sai ka hwaɗa mai abin da nic ce."

Da layi ya zo kanmu, Gwaggo ta yi bayani da Gobirancinta: "Sanyi na yak kama shi. Kwana ukku ke nan shina tari, ga masassara, in dare ya yi awazzainai har lotsawa sukai." Ban ɓata lokaci ba na juya wa likita da Turanci cewa yaron yana da "cold", da tari, da zazzaɓi. Zancen awazai kuwa na bar shi, domin ban san yadda zan faɗe shi ba, kuma na ɗauke shi ƙarin gishiri irin na tsofaffi. Yaron yana barci a lulluɓe, bayanmu mutane sun fi talatin. Likita ya taɓa goshinsa, ya rubuta maganin zazzaɓi, ya ce mu dawo idan abin ya ƙi. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da na ba shi, a kansa ya yi aiki.

Bayan kwana biyu muka dawo a guje, yaron ya daina kama nono. Wata ma'aikaciyar jinya, Bagobira, ita ta tarbe mu. Da Gwaggo ta maimaita maganar sanyi, sai ta ce, "Inna, ina sanyin yat taɓa?" Gwaggo ta nuna ƙirji. Ta yaye wa yaron riga, ta ɗora ido a kan agogon hannunta, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ya haura 60. Na ga da idona yadda ƙasan haƙarƙarinsa ke faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, wato ainihin abin da Gwaggo ta faɗa tun ranar farko. Limoniya ce. Aka kwantar da shi kwana biyar ana yi masa allura, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Daga baya na san cewa ƙirgen da matar nan ta yi yana cikin ƙa'idar kula da cututtukan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara a shekarun 1990. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya alamar haɗari ce. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Faɗawar ƙasan ƙirji ma tana cikin manyan alamun da ake nema. Ashe jumlar da na yar ita ce ta fi kowace jumla kusa da harshen likita.

Shekaru na yi ina juya wannan kuskure, kuma ina ganin ya shafi fagenmu kai tsaye. Idan likita ya ji "cold", abu guda yake fahimta: ƙaramin ciwon hanci da maƙogwaro da ƙwayar cuta ke kawowa, wanda kan tafi da kansa cikin mako guda ko kwana goma. Wannan a Hausa mura ce, mai zuwa da majina da toshewar hanci da atishawa, wani lokaci har murya ta dishe. Da Gwaggo mura take nufi, da mura za ta ce, domin ta san kalmar tun kafin a haife ni. Sanyi wani abu ne daban. A tunanin Bahaushe musabbabi ne, abu ne mai shiga jiki ya zauna a wani wuri, sannan ciwo ya bayyana gwargwadon inda ya zauna. Idan ya shiga gaɓoɓi, a ce sanyin ƙashi. Idan mace ta ce tana fama da ciwon sanyi, galibi zancen mara da al'aura take yi cikin sakayawa. Tsoron shigarsa ne ya sa mai jego ke wanka da tafasasshen ruwa tana shan kunun kanwa. Lewis Wall, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, ya tattauna irin wannan fahimta ta ciwo a littafinsa kan maganin Hausawa na 1988. Saboda haka Gwaggo dalilin ciwon ta ambata da farko, kana ta jero alamu. Ni kuma na ɗauki sunan dalili na mayar da shi sunan wata ƙaramar cuta, don kawai ƙamus ya haɗa kalmomin biyu a wajen zancen yanayi.

Wannan tarko ba a Hausa kaɗai yake ba. Masu tafinta a asibitocin Amurka, inda miliyoyin mutane ke magana da Sifaniyanci, sun san shi sosai. Mutumin Sifen idan ya ce yana "constipado", mura yake nufi, hancinsa ya toshe. Mai jin Turanci kuwa sai ya ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, don kalmar ta yi kama da ta Turanci mai wannan ma'ana. A shekarar 1980 a jihar Florida an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa suka ce yana "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ko ya sha ne ya ɓata masa jiki. Aka fahimci cewa ƙwaya ce ya sha ta bugar da shi, alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gano, ya shanye hannu da ƙafa. A can kamannin sauti ne ya yaudari masu sauraro, a wurina kuwa ma'anar farko ta ƙamus ce, amma ramin ɗaya ne.

Ƙasarmu ta Gobir tana da ƙarin sarƙaƙiya guda biyu. Ta farko karin harshe. Abin da Bakano zai kira zazzaɓi, mu masassara muka fi cewa. Inda zai ce haƙarƙari, mu awazai. Ma'aikacin lafiyar da ya koyi daidaitacciyar Hausa kaɗai yana iya jin kalma ta wuce shi, ya ji nauyin tambaya. Ta biyu iyaka. Daga Sabon Birni zuwa ƙasar Maraɗi tafiya ce kaɗan, dangi ɗaya ne, kuma mutane kan tsallaka neman magani. Uwa ɗaya, da jumla ɗaya, a nan a rubuta ta da Turanci, a can da Faransanci, kowane harshe da yadda ya yanka iyakokin cututtukansa.

Su kansu kalmomin tari suna buƙatar taka-tsantsan. Tari zalla daban, tarin shiƙa daban, tarin fuka daban, kuma fuka ita kaɗai wasu asma suke nufi da ita. Lokacin annobar da ta addabi Kano da wasu jihohi a 2023, kafofin yaɗa labarai sun kira cutar da sunan mashaƙo, kalmar da a bakin jama'a ta daɗe tana rufe shaƙewar maƙogwaro da ƙirji iri-iri. Mai sauraron rediyo a ƙauye yana iya jin sunan ya ce ai ya san ciwon, alhali abin da ake gargaɗi a kansa mai kisa ne cikin kwanaki. Sanƙarau ma, wadda ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da ba su da bambanci da na mura a idon mai gida.

Muna da ƙamusoshi masu daraja: na Bargery na 1934, wanda har yakan nuna kalmar da ta fito daga Sakkwato ko Katsina ko Gobir, da na Abraham, da na Jami'ar Bayero na 2006, da na Newman na 2007. Aikinsu jera ma'anonin kalma, kuma sun yi. Abin da tafinta ke buƙata a gaban likita ya wuce nan. Yana buƙatar cikakkun jumlolin da iyaye mata ke faɗa, daga bakinsu, da karin harshensu, kowace an haɗa ta da alamar da take nunawa a jiki, bayan an zauna da ma'aikatan jinya an tantance. Yana buƙatar kuma tarbiyya guda biyu da babu wanda ya koya mini a aji: kada ya zubar da ko jumla ɗaya don ta yi masa wuya, kuma idan ya ji kalma mai faɗi irin sanyi, ya tsaya ya yi tambayar da Bagobirar nan ta yi. Wannan aiki ne da ɗalibanmu na digiri na biyu za su iya ɗauka, yanki-yanki.

Buƙatar ta fi tsanani a yau. Rashin tsaro ya sa hanyoyin Isa da Sabon Birni sun zama abin fargaba, ƙauyuka da dama sun watse, kuma uwar da ta samu ta isa gaban likita sau ɗaya ba ta da tabbacin sake isa bayan kwana biyu kamar yadda muka yi.

Yaron ya girma, har ya fi ni tsawo. Gwaggo kuwa ta rasu tana ba mutane labarin yadda ɗan ɗan'uwanta mai boko ya yi wa likita Turanci a gabanta. Sau da yawa na yi niyyar gaya mata abin da na cire daga maganarta, ban samu ƙarfin hali ba. Allah ya jiƙanta da rahama.