Ɗinki Ya Warke, Jini Bai Dawo Ba

Yau maganar jinya na kawo mana, domin na san yawancinmu muna da dattawa a gida.

Mu dai mun saba auna aikin asibiti da tsawon ɗinki. In an tsaga mutum daga ƙirji zuwa mara, sai a ce an yi babban aiki, a hana shi motsi wata uku. In kuwa ɗinkin bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, sai a ce ai ba komai. To, wannan ma'auni bai yi daidai ba a kan aikin da aka yi wa mahaifina a 2023.

Akwai wata babbar jijiya da ke ɗauko jini daga zuciya ta sauko har cikin ciki. Faɗinta ga mai lafiya kamar santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni sai ta riƙa kumbura, kamar tsohuwar tiyon lagireto. In ta kai santimita 5.5 ga namiji, likitoci kan ba da shawarar aiki, don in ta fashe mutane da yawa ba sa kai asibiti da rai. An fi ganin abin ga maza da suka haura 65, musamman masu shan taba da masu hawan jini. Ta Baba ta kai santimita 6, kuma bai taɓa jin ciwonta ba. Hoton ciki aka yi don wata larura daban aka gan ta.

Da can dole sai an buɗe ciki. A 1990 wani likita mai suna Juan Parodi a Buenos Aires ta Ajantina ya gyara irin wannan kumburi ta wata hanya: a ɗan tsaga gindin cinya, a zura wani bututu na yadi da waya ta cikin jijiya har wurin kumburin, a buɗe shi, jini ya riƙa bi ta cikinsa. Ana kiran aikin EVAR. Shi aka yi wa Baba a Indiya, bayan dangi sun yi karo-karo.

Ya dawo da ƙafarsa, ɗinki biyu ƙanana. 'Yan barka suka yi ta cewa, "Alhaji, ai kai ka warke!" Mako na uku ya koma shago. Sai muka lura daga Dilimi zuwa Babban Masallaci ranar Juma'a sai ya tsaya sau biyu yana haki. Tafin hannunsa ya yi fari, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Na ce, "Baba, mu je a duba jininku." Ya ce, "Sanyin Jos ne kawai." Da ƙyar Hajiya ta shawo kansa.

Gwajin PCV ya nuna 23, alhali na namiji mai lafiya yakan kai 40 ko fiye. Likitan ya fara tambaya ko bayan gidansa ya koma baƙi, domin asfirin da ake ba masu irin wannan aiki yakan sa ciki zubar da jini a ɓoye. Ya kuma sa aka yi hoto don a tabbatar jini ba ya yoyo ta gefen bututun. Alhamdu lillahi, duka biyun babu.

To ina jinin ya tafi? Ga abin da na fahimta. Wani ya zuba lokacin aiki. Wani kuma an rufe shi a cikin kumburin, bayan bututu, ya daskare a can; yana cikin jiki amma ba ya zagayawa. Sannan bayan aiki jiki yakan riƙe sinadarin ayon, ya hana hanji tsotsarsa, alhali da shi ake ƙera sabon jini. In ƙoda ta yi rauni, abin ya ƙaru, domin ita ke umartar ɓargo ya yi jini. Ga shi Jos tana kan tsauni wajen mita 1,200, inda iska ba ta kai ta Kano kauri ba.

Aka ce a nemo jini leda biyu. Nan muka ga abin da zama nesa da dangi yake nufi: 'yan uwan Baba duk suna Kano. Leda ɗaya ni na bayar. Ta biyun wani maƙwabcin shagonmu ne, ɗan ƙabilar Ibo, da ya ji labari ya rufe shagonsa ya biyo mu. A garin da ya ga 2001 da 2008 da 2010, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa: malt da madarar gwangwani, zoɓo, tumatirin gwangwani. Babu wanda zai maye gurbin ƙwayar ayon da likita ya rubuta, wadda ake sha wata da watanni. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa. Shayi kuwa a nisanta shi da lokacin abinci da na magani, don yana rage shigar ayon. Wannan ne ya fi yi wa Baba wuya.

Don haka 'yan uwa, duk wanda aka yi wa dattijonsa aiki, a nan gida ko a waje, ya karɓo takardar da ke nuna yawan jininsa ranar sallama, a sake gwadawa bayan an dawo. Mai EVAR kuma hoton bibiya bai ƙare masa ba har iyakar rayuwa. Mu matasa masu lafiya, akwai cibiyar hukumar jini ta ƙasa a nan Jos. Kamar mililita 450 ake ɗiba, kuma namiji na iya bayarwa duk bayan wata uku. Kada mu jira sai namu ya kwanta.

Baba ya koma shago, amma yanzu da la'asar yake tashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.