Daren da Na Jira Kunkuru a Bakin Tekun Ada

Tun da aka ce makon nan nawa ne, bari in ba ku labarin yadda na kashe adashin shekara biyu a kan kunkuru.

Abin ya samo asali ne daga wani zaman karatu na ƙungiyarmu. Na karanta babi na tara na littafina, inda jarumar ta tsaya a bakin teku tana kallon namun daji. Da na gama, wata Anti cikin manyanmu ta ce, "Ƙanena, ka taɓa ganin teku kuwa?" Na ce a'a. Ta ce, "Ai ya nuna. Tekunka ba ya ƙara, ba ya wari, kamar an zuba ruwa a baho." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma daren nan ban yi barci ba.

Wurare uku na rubuta a bayan littafin lissafina. Na farko Loango a ƙasar Gabon, ɗaya daga cikin gandayen daji 13 da Shugaba Omar Bongo ya kafa a 2002. Can ne giwaye da ɓauna ke fitowa daga kurmi su taka yashin bakin teku, dorina ma har cikin igiyar ruwa take shiga. Gaskiya can zuciyata ta so. Sai dai Gabon ba ta cikin ECOWAS, sai da biza, ga kuɗin jirgi, ga masaukin da aka gina don masu dala. Ban daɗe ba na ja masa layi.

Zanzibar ta fi ba ni wahala. Tsibirin Musulmi ne, babu fargabar abinci ko wurin sallah, kuma hujjar da zan fi saurin shawo kan Hajiya da ita ke nan. A dajin Jozani akwai jan biri mai suna kolobus wanda asalinsa na tsibirin ne kaɗai, a Changuu kuma ga manyan kunkurun tudu da aka kawo daga Seshels a 1919. A Kizimkazi, garin da ke da masallaci mai rubutun shekarar 1107 a bangonsa, ana fita kallon kifin dolfin. To bidiyon wannan fitar ne ya sage mini gwiwa. Kwale-kwale masu inji sun yi wa 'yan dabbobin zobe, mutane na ta faɗawa ruwa a kansu don hoto. Na ga farauta ce kawai babu mashi. Kunkurun Changuu kuwa a killace suke, ana miƙa musu ganye. Idan wannan nake so, gidan zu na Kano bai yi mini nisa ba.

Sai Ada Foah a Gana, inda kogin Bolta ke shiga Tekun Atilantika, kusa da tafkin Songor da UNESCO ta sa cikin wuraren da take karewa a 2011. Ba biza, ana zuwa a mota, kuma ina da kawu a Nima. Matsalarta ɗaya: ba wanda zai yi maka alkawarin ganin komai. Kunkurun teku kan fito ne da dare su yi ƙwai, galibi daga ƙarshen shekara zuwa farkon wata, kuma ba sa bin jadawalin kowa. Wannan rashin tabbas ɗin ne ya ja ni, ko da yake aljihuna ma ya sa baki.

A Disamba na bi ta Legas, Seme, Kwatano, Lome, na shiga ta Aflawo. Kawu ya kalle ni ya ce, "Yanzu ɗan nan, tun daga Najeriya saboda kunkuru? Na tatsuniya bai ishe ka ba?"

Daren farko muka yi ta tafiya a yashi da jami'in kula da namun daji har ƙarfe biyu. Babu komai sai ƙaguwa da ledoji da warin kifi. Ya hana ni kunna tocila, ya ce farin haske na sa uwa ta koma ruwa da ƙwanta, 'ya'yan kuma, da suke ƙyanƙyashewa bayan kamar wata biyu, haske suke bi, sai su ba teku baya su mutu a tudu. Na koma ɗaki ina lissafin kuɗin da ya rage, na ga kwana ɗaya ne.

Dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, ya dafa kafaɗata ya nuna sawu a yashi kamar na tayar babur. Ba babban nan mai baƙar fata a baya ba ne wanda na yi mafarki, ƙaramar ce, bayanta bai wuce faifai babba ba. Ta haƙa rami da ƙafafun baya, tana numfashi da ƙarfi kamar tsohuwa mai hawan bene, hawaye na zuba a idonta. Jami'in ya raɗa mini cewa gishiri take fitarwa. Ƙwan suka riƙa faɗawa biyu-biyu, uku-uku, farare, masu laushi. Da ta rufe ramin sai ta dinga buga cikinta a kan yashin, dum, dum, har ina ji a tafin ƙafata.

Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. A motar komawa Akara na yage babi na tara, na fara sabo a bayan takardar shaidar rigakafina.